Wasiƙa daga Houston: Tsadar kayan ƙaramar bindiga, wanne ya cancanci kuɗin, wanne ne ado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a, da fatan kai da sauran ma'aikata kuna lafiya. Don Allah ina neman ɗan fili ne a shafin wasiƙu, na san maganar da zan kawo ba irin wadda aka saba gani bace a jaridar Hausa, amma mu nan Amurka magana ce ta yau da kullum, musamman mu da muke aikin gadi da bindiga a jihar Texas, kuma akwai 'yan uwanmu Hausawa da dama a wannan aiki, daga 'yan Najeriya har 'yan Nijar da 'yan zangon Gana. Gardamar da ba ta ƙarewa tsakaninmu ita ce, shin magazin mai tsada, wato gidan harsashin fistol, da sauran tarkacen da ake liƙa wa bindiga, sun cancanci kuɗin da ake zubawa a kansu ko kuwa 'yan kasuwa ne kawai ke tatsar mutane.

Kafin wani ya ce ina tallar makami, bari in fara da wannan. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta saka fistol da libarba cikin makaman da aka haramta wa farar hula, ba a riƙe su sai da lasisi daga shugaban ƙasa, to duk wanda ke gida yana karanta wannan ya karanta don sanin yadda duniya take ne kawai. Nan kuwa tsarin mulkinsu ne ya ba su dama, a Texas ma tun 1 ga Satumban 2021 wanda ya cika sharaɗi zai iya yawo da fistol ba tare da lasisin ɗauka ba, mu masu gadi dai dole sai mun yi kwas mun ci jarrabawar harbi kafin a yarda mu rataya ta a wajen aiki. Ko ina son wannan tsari nasu ko ba na so wata magana ce daban, ni dai ganin bindiga a ƙugun mutum a layin siyan burodi har yau bai zauna mini ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, magazin ba wurin yin rowa bane, amma kuma ba wurin yin alfahari bane. Akwai wani mataki da in ka sauka ƙasa da shi ka sayi matsala, in ka haura shi kuma ka sayi suna ne kawai, kuma matakin nan yawanci shi ne abin da kamfanin da ya ƙera bindigar ya saka mata a kwali.

Mutane da yawa suna ɗauka magazin gwangwani ne da ake zuba harsashi, alhali rabin aikin bindigar a nan yake. Akwai sifirin a ciki da ke tura harsasai sama, akwai ɗan faifan da harsasan ke zaune a kansa, sannan a can sama akwai leɓɓa guda biyu da suke riƙe harsashin farko a daidai kusurwar da zai zame ya shiga bututu. Duk lokacin da aka harba, saman bindigar zai ja baya ya tofar da kwanso ya dawo ya ɗauki sabon harsashi, duk wannan cikin ƙiftawar ido, to in sifirin ya yi sanyi bai ɗago harsashin da wuri ba, ko leɓen nan ya buɗe ko ya lanƙwashe da abin da ido ma ba zai gani ba, shikenan bindiga ta cije. Ka tambayi duk malamin da ke koyar da harbi, zai gaya maka in fistol ta fara maƙalewa abin da ake fara zargi magazin ne, sai harsashi, sai riƙon mai harbin, ita kanta bindigar tana can ƙarshen layi. Kamar famfon mai ne a mota, injin ko na Marsandi ne in famfo bai turo mai ba a gefen titi zaka kwana.

Labarin da nake yawan ba abokan aikina shi ne na sojan Amurka da bindigarsu Beretta M9, wadda suka ɗauka a 1985, mai cin harsashi 15. Da aka shiga Iraƙi a 2003 sai koke ya yi yawa cewa bindigar tana cijewa, har ta yi baƙin jini a wajen sojoji da yawa, wani bincike da aka yi a 2006 a kan sojojin da suka dawo daga fagen daga ya nuna kashi 58 cikin ɗari ne kawai na masu riƙe da M9 suka gamsu da ita, ita ce ta zo ƙarshe a cikin makaman da aka tambaye su. To da aka bi diddigi babban ɓangare na matsalar ba daga bindigar bane, daga magazin ne. Gwamnati ta ba da kwangilar magazin ga wani kamfani mai suna Check-Mate, kuma ita gwamnatin da kanta ce ta rubuta a takardar kwangila cewa a shafe su da wani irin shafi na fosfet mai kaushi, don kada su yi tsatsa. Shafin yana hana tsatsa kam, amma a hamada sai yashi mai laushin nan ya riƙa kamawa a jikin kaushin ta ciki, harsasai su kasa zamewa, sifirin ya kasa turo su. Sojoji suka riƙa neman magazin na asali na kamfanin Beretta, wasu har daga gida ake aiko musu. Daga baya aka canza shafin zuwa mai santsi, kuma da aka fito da samfurin M9A1 a 2006 an haɗo shi da magazin da aka yi musamman don jure yashi.

Abin da nake so a lura a labarin nan, kamfanin bai yi jabu ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Wanda ya zauna a ofis ya rubuta sharaɗi bai yi tunanin inda za a kai kayan ba. Kenan ba farashi ne kaɗai ke yanke hukunci ba, tambayar ita ce an yi abin don wane wuri kuma an gwada shi a wurin ko kuwa. A nan ne ma nake ganin maganar ta shafi gida, domin ƙurar hunturu ta Arewa ba ta da maraba da abin da ya wahalar da su a Iraƙi, kuma duk mun saba ganin hotunan jami'an tsaro da magazin biyu an ɗaure su da salatif ɗaya na kallon ƙasa, bakinsa a buɗe yana shan ƙura yana bugun ƙasa in an kwanta. Masu sayo wa 'yan sanda da sojoji kaya ya kamata su riƙa tambayar irin magazin da ke zuwa da makami da adadin na canji, ba adadin bindigogi kawai da za a jera a gaban kyamara ranar ƙaddamarwa ba.

Yanzu farashi. Mu ɗauki Glock tunda ita ta fi yawa a hannun 'yan sanda da masu gadi a nan, bindigar ƙasar Ostiriya ce da Gaston Glock ya ƙera, sojan ƙasarsu suka ɗauke ta a farkon shekarun 1980. Magazin ɗinta na asali, roba ce a waje da ƙarfe a ciki, zaka same shi wajen dala 25 zuwa 30. Na kamfanin Magpul roba zalla yana wajen dala 15. Akwai na Koriya da suka fi haka araha. To bambancin dala goma ne ko sha biyar, kuɗin abincin rana ɗaya a Houston, kuma mutum zai sayi bindigar dala 550 sannan ya tsaya yana ciniki a kan dala goma a abin da zai ɗora rayuwarsa a kai. Ni wannan ne ba na ganewa. Na taɓa tsayawa kusa da wani ɗan uwa a filin gwajin harbi ranar sabunta takardarmu, ya sayo wasu magazin marasa suna a intanet guda da yawa a leda ɗaya, yana ta murna ya yi riba, ana fara harbi sai ga harsashi ya tsaya a tsaye a bakin bindiga, ya gyara ya sake, aka ƙara, gumi ya keto masa ga malami na tsaye da agogo. Wani ne ya ara masa nasa ya ƙarasa. Bindigar lafiyarta ƙalau.

Amma ban ce masu araha ba su da amfani ba. A filin koyo muna jefar da magazin a ƙasa a kan siminti sau ba adadi don koyon canji da sauri, to ka jefar da na dala 15 ya fi maka kwanciyar hankali. Ni haka nake yi, na asali a ƙugu lokacin aiki, masu araha a jakar zuwa fili, kuma kowanne na rubuta masa lamba a gindi da maka, wanda ya fara ba ni matsala in san shi in ware shi. Wasu malaman ma suna son magazin mai ɗan gardama a wajen koyo saboda yana tilasta maka ka koyi gyara cijewa.

Sai wani sirri da ba sirri bane, da yawa daga kamfanonin bindiga ba su ke ƙera magazin ɗinsu ba. Akwai kamfanin Italiya mai suna Mec-Gar, an kafa shi a 1965 a yankin Gardone Val Trompia, garin da ita kanta Beretta take, ya daɗe yana yi wa manyan kamfanoni irin su Beretta da SIG da CZ magazin ana buga tambarinsu a kai. Sau da yawa zaka ga wanda aka buga wa tambarin kamfanin bindiga a dala 40 ko 50, wanda Mec-Gar ya sayar da sunansa kuma bai kai haka ba. Toh wanda ya biya ƙarin, tambari ya saya. Shi yasa nake cewa kafin mutum ya sayi bindiga ya fara tambayar kuɗin magazin ɗinta, domin na SIG P320 ko na kamfanin HK yana kaiwa dala 45 zuwa 50 ko fiye, kana buƙatar aƙalla uku ko huɗu, ka ga lissafi ya canza. Da yawa ba sa yin wannan tambaya sai sun dawo gida.

Inda tsada take da hujja akwai shi, ba zan ɓoye ba. Tsohuwar bindigar nan mai suna 1911 da John Browning ya zana, tun asali harsashi 7 take ci, kuma yau kamfanoni barkatai ke ƙera ta kowa da ɗan bambancin awonsa, don haka tana da zaɓen magazin sosai. Masu ita sun daɗe da sanin cewa in ta fara rigima, sayen magazin na Wilson Combat ko makamancinsa a wajen dala 35 zuwa 40 yakan kashe maganar. Nan ƙarin kuɗin magani ne. Haka 'yan gasar harbi masu riƙe da samfurin da ake kira 2011 irin na kamfanin Staccato, magazin ɗaya na iya cin dala 70, wasu na musamman sun haura 100, amma su mutane ne da ke harba dubban harsasai a wata, kuma ƙarin harsashi ɗaya ko biyu a magazin na iya raba na ɗaya da na biyar a gasa. Su sana'arsu ce ko wasansu. Mai gadin kanti da ke zuwa fili jefi-jefi in ya kwaikwaye su, ya yi anko ne da bikin da ba a gayyace shi ba.

Akwai kuma masu tsada da ke jawo sabuwar matsala. Glock 43X an yi ta da magazin mai cin 10, sai kamfanin Shield Arms ya fito da na ƙarfe mai cin 15 a tsawo ɗaya, mutane suka yi rububi. Dabara ce mai kyau, amma tunda ƙarfe ne yana cin maɓallin roban da ke riƙe magazin, sai an canza maɓallin zuwa na ƙarfe, shi kuma na ƙarfen yana iya cin magazin ɗinka na asali na roba. Ka ga daga sayen abu ɗaya ka shiga canza kayan cikin bindiga, kuma duk abin da ka canza sai ka sake gwaji daga farko, gwajin kuma harsashi ne, harsashi kuma kuɗi ne. Ga batun doka. Daga 1994 zuwa 2004 dokar tarayya ta hana ƙera wa farar hula sabon magazin da ya wuce 10, ta ƙare ba a sabunta ba, amma jihohi irin su California da New York da New Jersey har yanzu 10 ne iyaka, Colorado 15. Ɗan uwa direban tirela ko mai ziyarar dangi da ya tsallaka daga Texas zuwa can da magazin mai 17 zai iya shiga babbar shari'a, kuma ga wanda ke kan katin zama ba ɗan ƙasa ba, shari'ar bindiga na iya zama tikitin komawa gida. Wannan dogon magazin mai cin 33 da matasa ke ɗaukar hoto da shi a TikTok kuwa ban ga amfaninsa ga mai aiki ba sai nauyi da jawo idon 'yan sanda. Kuma don Allah iyaye ku ja kunnen yaranmu da aka haifa a nan game da ɗan ƙarfen nan da ake liƙa wa Glock a baya don ta riƙa ɓarin wuta, a dokar tarayya shi kansa ƙarfen ana ɗaukarsa a matsayin mashinga ne ko ba a liƙa shi ba, ɗaurinsa na iya kai shekara 10.

Sauran tarkace kuma, a nan ne kasuwar take cin mutane da gaske. Ka shiga shagon bindiga ka ga bango guda cike da kaya, bututu mai ruwan zinare, kunama mai launin ja, gindin magazin na alminiyam da aka zana wa tuta, duk ado. Kunamar Glock daga kamfani tana buƙatar jan da nauyinsa ya kai wajen fam 5 da rabi, mutum zai biya dala 150 ko 200 a mayar da ita mai laushi kamar ta 'yan gasa, alhali a lokacin tsoro hannu na rawa laushin nan haɗari ne. 'Yan sandan New York ma shekaru da yawa akasin haka suka yi, suka sa aka ƙara wa tasu nauyi zuwa fam 12, wannan ma ya yi yawa a ganina don yana ɓata saiti, amma dai ka ga inda tunaninsu ya nufa. Yawancin kamfanonin gadi ma ba sa yarda ka taɓa cikin bindigar aiki.

Abin da ban yarda a yi masa rowa ba bayan magazin shi ne kube. Kube mai tauri wanda aka yi don ainihin samfurin bindigarka, wanda ya rufe kunama ruf, kuma ga mai gadi wanda ke da makulli don kada wani ya fizge ta daga baya, irin na Safariland da 'yan sanda ke ɗaurawa, ya kan haura dala 100 kuma ya ci kuɗinsa. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna Plaxico Burress, shahararren ɗan ƙwallon Amurka na ƙungiyar New York Giants, a 2008 ya soke Glock a ƙugun wando ba kube ya shiga gidan rawa, ta zame, garin tarbo ta ya harbi cinyarsa, ƙarshenta kuma ya yi zaman gidan yari na kusan shekara biyu saboda ba shi da lasisin New York. Miloniya ne fa, abin dala 50 ya gagare shi tunani.

Tocila da ake ɗaura wa bindiga, SureFire tana wajen dala 300, Streamlight kusan rabin haka, ga mai aikin dare tocila na da amfani sosai tunda bai halatta ka harbi abin da baka gani ba, amma ban ga abin da ta 300 za ta yi wa mai gadin fakin da ta 150 ba za ta yi ba. Na'urar saiti mai jan ɗigo ita kam ci gaba ce ta gaske, musamman ga irinmu da ido ya fara neman tabarau, Trijicon RMR tana wajen dala 500, Holosun wajen 300, su biyun suna aiki, amma ta dala 40 ta intanet girgizar harbi kaɗai ta isa ta kashe ta ko ta gusar da saitinta, gara babu da ita. Kuma ko mai tsadar ce in baka saba ba zaka ɗaga bindiga ka rasa ɗigon gaba ɗaya kana ta lalube. Wani ɗan abu mai araha da nake yabawa shi ne UpLULA, na'urar loda harsashi a magazin ta wajen dala 30, babban yatsanka zai gode maka.

Lissafin da nake yi wa 'yan uwa shi ne, kwalin harsashin koyo na 9mm guda 50 yana wajen dala 12 zuwa 18. Dala 400 ɗin da zaka kashe a kunama da bututun zinare ta isa harsashi sama da dubu da kuɗin malami na yini, kuma wanda ya harba dubu a gaban malami da bindigar da ba a taɓa ta ba zai kayar da mai adon nan ko yaushe aka jera su. Ina ganinsu a fili, bindiga kamar amarya, takardar saiti kuma kamar an watsa mata gero.

Na ƙarshe kuma wanda ya fi damuna, akwatin ƙarfe mai makulli. Gidajenmu nan gidaje ne masu yara, ga baƙi ga 'ya'yan maƙwabta na shiga da fita. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi, kuma tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. Ƙaramin akwati mai buɗewa da lamba ko zanen yatsa dala 100 zuwa 150 ne, amma na san masu na'urar saiti ta dala 500 da ke ajiye bindiga a saman wardirob ƙarƙashin hula, wai yaro ba zai kai ba. Yaron da ke buɗe wayar babansa ba tare da an gaya masa lamba ba ne za a ce bai san abin da ke saman wardirob ba? Ina roƙon limamanmu na nan su riƙa taɓo wannan a huɗuba ko a taron suna, don a tsakaninmu ba a son maganar, kowa na ɓoye cewa yana da ita, matan gida ma wasu ba su sani ba sai ranar da suka ci karo da ita suna shara.

Na gode Malam Edita da ka ba ni fili, a gaida mutanen gida.

Naka,
Wani mai karatu daga Houston, jihar Texas, Amurka